YAMAI, BIRNIN DA A KE KIWON HADARI

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato a ƙarshen watan Mayu, ya bi ta Illela ya ƙetare iyaka zuwa Birnin Ƙonni, sa'an nan ya juya yamma ya kama babbar hanyar da ta ratsa Dogon Dutsi da Doso ta nufi Yamai, zai yi tafiyar wajen kilomita 500 a cikin ƙasar da ta ke jiran abu ɗaya tak. Dama da hagu gonaki ne shararru, an yi sassabe, an ƙone kararen bara, an kai taki an zuba tsibi-tsibi, amma babu ɗanyen ganye sai na gawo, wanda shi ma ya fara kakkaɓewa kamar yadda ya saba in damina ta ƙarato. Zafi kuwa ba a magana, rairayi ya kan yi zafin da ba ya takuwa da tsakar rana. A bakin kowane ƙauye za a tarar da dattawa zaune a gindin itace, ba su cika yawan magana ba, amma jim kaɗan sai wani ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Hadari su ke dubawa, kuma tambayar da ta ke cikin zuciyar kowannensu ita ce wadda ta ke cikin zuciyar manomin Daura da na Gumel da na Gashuwa a daidai wannan lokaci: in ruwan nan ya sauka, a shuka ko a dakata? Mai karatun da ya ke zaune a birni zai ga kamar ƙaramar tambaya ce. Ga talakan da ya ɓoye 'yan zangarniyoyin gero tun kaka, ya hana kansa ya hana 'ya'yansa su ci domin ya sami iri, ba ta da ƙanƙanta ko kusa. In ya yi gaggawa ya shuka a kan ruwan farko, sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu, tsiron zai ƙone a cikin rairayi, irin ya tafi a banza. In kuma ya yi jinkiri ya bar ruwan farko ya wuce, ciyawa za ta riga shukarsa tashi, ƙarfin da ƙasa ta kan yi da ruwan farko ya wuce shi, watakila kuma damina ta ƙare gero bai nuna ba. Tsakanin gaggawa da jinkiri nan abincin gida na shekara ya ke rataye.

A birnin da wannan hanya ta nufa akwai mutanen da aikinsu dare da rana shi ne neman amsar wannan tambaya da na'urori.

HAYIN KOGI

Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, ya na zaune a bakin Kogin Kwara, kuma yawancin garin, da kasuwanninsa da ofisoshin gwamnati, ya na gaɓar hagu a kan tudu. Ruwan da birnin ya kan samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kuma kusan dukkansa ya na sauka ne daga watan Yuni zuwa Satumba. Wanda ya hau Gadar Kennedy, wadda aka gama a 1970, zai ga masunta a cikin kwale-kwale, da masu wanki sun shanya tufafi a bakin gaɓa, da fadamun shinkafa da lambuna. In ya sauka daga gadar ya shiga Harobanda ke nan, watau hayin ruwa da Zabarmanci, inda Jami'ar Abdu Mumuni ta ke. A nan kusa da jami'ar, a cikin wani fili mai itatuwa, cibiyar AGRHYMET ta ke. An harhaɗa sunan ne daga kalmomin Faransanci guda uku masu nufin ilmin noma, da ilmin ruwa, da ilmin yanayi.

Wahala ce ta haifi wannan cibiya. Daga 1968 zuwa 1974 ƙasashen da su ke gefen Hamada sun sha farin da tsofaffi su ka ce ba su ga irinsa ba tun bayan yunwar Kakalaba ta 1914. Shanu sun mutu garke-garke, rijiyoyi sun ƙafe, mutane sun bar garuruwansu sun kwararo birane. A Nijar ɗin kanta, yadda aka tafiyar da al'amarin yunwar ya na cikin dalilan da sojoji su ka bayar sa'ad da su ka kawar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Abin da ya fi ɓata wa hukumomi rai shi ne masifar ta zo musu ba shiri, domin babu wanda ya ke da cikakken lissafin ruwan da ya sauka, balle na abin da gonaki za su bayar. Saboda haka a watan Satumba na 1973 ƙasashe shida, watau Nijar, da Mali, da Chadi, da Senegal, da Muritaniya, da Volta ta Sama wadda a yanzu a ke kira Burkina Faso, su ka kafa kwamitin yaƙi da fari a Wagadugu. A 1974 kwamitin ya buɗe wannan cibiya a Yamai, domin ta horar da ma'aikata, ta kuma riƙa tattara labarin ruwa da shuka daga ƙasashen duka. Daga baya wata cibiyar ta biyu, mai suna ACMAD, wadda aikinta ya shafi Afirka baki ɗaya, ita ma ta zauna a birnin tun 1992. Da haka Yamai ya zama matattarar masu duban sama na wannan yanki.

YADDA A KE AIKIN

Ido na farko da masanan su ke gani da shi ya na can sama, wajen kilomita 36,000 daga doron ƙasa, bisa tekun da ya ke kudu da Ghana. Tauraron ɗan'adam ne na ƙasashen Turai mai suna Meteosat, wanda aka harba na farkonsa a 1977. Shi ba ruwa ya ke gani ba, sanyin kan girgije ya ke aunawa. Girgijen da zai yi ruwa sosai ya kan yi tsiri ya hau sama fiye da kilomita 12, inda sanyi ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. To, in aka ga girgije mai irin wannan sanyi ya daɗe a kan wani wuri, sai a ƙiyasta yawan ruwan da ya zuba a can. Sabon samfurin tauraron, wanda aka harba a watan Disamba na 2022, ya na aiko da hoto kowane minti 10, har ma ya na ƙidaya walƙiya.

Abin da hotunan su ka nuna bai saɓa wa sanin tsofaffi ba. Yawancin ruwan ƙasashen Sahel ba yayyafin ko'ina ba ne, manyan hadurra ne da su kan haɗu da la'asar a kan tsaunuka irin na Azbin da na Jos da na Darfur, su jeru kamar sahun mayaƙa, su nufo yamma da gudun mota, guguwa a gaba ruwa a baya. Hadarin da ya tashi a ƙasar Barno da maraice ya na iya kwana ya na tafiya, ya wayi gari a Katsina ko Maraɗi. Dattijon da ya ke duban gabas ya san abin da ya ke yi.

Ido na biyu a teku ya ke. Masana sun gano cewa ɗumin ruwan manyan tekuna, da na Pasifik, da na Atlantika, da na Indiya, da Bahar Rum, shi ya ke ƙarfafa ko ya raunana iskar bazara mai ɗauko laima daga kudu maso yamma. Da ya ke ɗumin teku ba ya sauyawa da sauri, abin da aka auna a watan Maris ya na iya ba da hasken yadda Agusta za ta kasance. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Bahaushe, tun daga Laraba a kan gane ta. Tun 1998, sa'ad da aka yi taron farko a Abidjan, masanan ƙasashen Afirka ta Yamma su kan haɗu kowace shekara kafin damina, su gwada lissafinsu, su fitar da magana ɗaya.

Amma fa maganar ba ta fitowa da lalle ko tilas. Su kan ɗauki damunan shekara 30 da su ka wuce su kasa su kashi uku: masu ƙarancin ruwa, da matsakaita, da masu yawan ruwa. Sa'an nan su ce, alal misali, a wannan yanki bana zaton ruwa mai yawa kashi 45 ne cikin 100, na matsakaici 35, na ƙaranci 20. Wanda ya ji wannan ya tafi ya ce an yi alkawarin ruwa, bai fahimta ba. Ashirin ɗin nan ta na nan, kuma wata shekara ita za ta faɗo.

SADORE: MENE NE FARKON DAMINA?

Domin a ga inda aka ɗauki tambayar manomi aka mai da ita lissafi, sai a bar Harobanda a bi hanyar Sayi, a yi kudu wajen kilomita 45, zuwa wani ƙauye mai suna Sadore. A nan ne cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ICRISAT, ta kafa gonar gwaji tun cikin shekarun 1980. Ƙasar wurin jan rairayi ne irin na jigawa, wanda ba ya riƙe ruwa, kuma an zaɓe ta ne da gangan domin irinta ce talaka ya ke nomawa.

A wannan gona aka tabbatar da awo abin da manoma su ka daɗe su na kuka da shi. Gero ya kan tsiro kwana biyu ko uku bayan shuka, amma in ruwa ya ɗauke, zafin saman rairayi ya kan wuce digiri 50, ya ƙone tsiron. Wani lokaci ma guguwar da ta ke gaban hadari ita ta kan kwaso yashi ta tsattsage ganyen, ko ta binne shi ɗungum. Ta haka ne mutum ya kan yi shuka sau biyu ko sau uku a damina ɗaya, in ya na da irin, in kuwa ba shi da shi sai ya ci bashi.

Wani masani ɗan ƙasar Indiya da ya yi aiki a nan, M.V.K. Sivakumar, ya bi littattafan awon ruwa na shekaru masu yawa, a 1988 ya fitar da wata ƙa'ida wadda har yanzu a ke aiki da ita ko da 'yan gyare-gyare. Ƙa'idar ta ce damina ta kama ne a ranar da, bayan 1 ga Mayu, ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma a cikin kwana 30 da su ka biyo baya sama ba ta ɗauke fiye da kwana bakwai ba. Ya kuma lura cewa ranar ɗaukewar damina ba ta cika yin nisa da ta bara ba, ranar faɗuwarta ce mai yawo. Ashe ke nan shekarar da ruwa ya kama da wuri damina za ta yi tsawo, manomi ya na iya shuka iri mai nauyi ya kuma saka wake. Shekarar da ya makara kuwa sai a nemi iri mai saurin nuna.

To, amma mai karatu zai ga inda gizo ya ke saƙa. Rabin farko na ƙa'idar manomi ya na iya gane shi da kansa, ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai. Rabi na biyu, watau kwana 30 masu zuwa, ya na gaba, ba wanda ya gan shi tukuna. Duk wata na'ura da duk wani lissafi da a ke ta gyarawa a Yamai da sauran duniya, domin a leƙa cikin waɗannan kwanaki 30 ne.

FAKARA: RUWAN WANI BA NA WANI BA NE

Daga Sadore sai a komo Yamai, a sake ƙetare kogi, a koma gabas ta hanyar da aka shigo. Wajen kilomita 60 daga birni akwai Kure, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma su ke kiwo a cikin gonakin mutane. Ƙasar da ta ke arewa da nan, tsakanin kogi da kwarin Dallol Boso, ita a ke kira Fakara, ƙasar Zabarmawa manoman gero da Fulani makiyaya. Tudu ne mai marmara, da kwaruruka masu rairayi, da ƙananan ƙauyuka irin su Banizumbu da Wankama. Baƙo ba zai ga abin mamaki a wurin ba, amma da wuya a sami wani yanki a ƙasashen Sahel da aka auna ruwansa kamar wannan.

Daga 1990 masanan Faransa da na Nijar su ka kakkafa ma'aunan ruwan sama wajen 100 a cikin fili mai faɗin kimanin kilomita 100 kowace kusurwa, su ka yi shekaru su na karantawa. Abin da su ka samu ya sanyaya jikin masu hasashe. A cikin damina ɗaya, a cikin wannan ɗan fili, wani wuri ya kan sami kusan ninki biyu na ruwan wani. Ƙauyuka biyu da a ke zuwa kasuwa ɗaya, wannan ya cika rumbu, wancan ya tafi ci-rani tun kafin kaka. Saboda haka ko da hasashen yanki ya yi daidai, ya na iya zama kuskure a gonar mutum ɗaya, shi kuwa manomi gonarsa ya sani, bai san yanki ba.

Mutanen Fakara, kamar 'yan'uwansu na ƙasar Hausa, su na da nasu alamu tun kaka da kakanni: zuwan shamuwa ta yi sheƙa a tsakiyar gari, da tohon kuka da tsamiya, da juyawar iska, da zafin dare mai hana barci. A ƙasar Hausa malamai su na da lissafin taurari 28, kusan kowanne da kwana 13, su na ƙidaya Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, su na faɗin lokacin shuka da na marka. Waɗannan alamu ba wasa ba ne, tarin lura ne na ɗaruruwan shekaru. Illa dai an gina su a kan sama mai riƙe alkawari, sama kuwa ta sauya hali.

SAMA TA SAUYA HALI

Kogin da ya ratsa Yamai shi ne babban mashaidi. A watan Yuni na 1985, bayan farin 1984, ruwansa ya tsaya cik a birnin, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Shekara 35 bayan haka, a watan Satumba na 2020, ruwan ya hau har kusan mita 7 a ma'aunin birnin, ya fasa madatsai, ya shiga unguwannin Harobanda, gefen da ita cibiyar masu hasashen ta ke. Kogin ya kan kawo cika biyu a shekara: baƙin ruwa mai tasowa daga tsaunukan Gini, wanda ya kan iso da sanyin hunturu, da jan ruwa na damina, wanda rafukan da su ke gangarowa daga Burkina Faso su kan kawo. A da baƙin ruwan ne babba. A 'yan shekarun nan jan ruwan ya kan fi shi, domin an sare dazuzzuka, ƙasa ta yi tauri ba ta shan ruwa, hadurran kuma sun ƙara ƙarfi.

Wannan ƙarin ƙarfi an auna shi. Wani bincike da masanan Ingila da na Faransa su ka buga a 2017, bayan sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadurra mafiya tsanani sun ninka sau uku a ƙasashen Sahel tun 1982. Sun danganta abin da ƙaruwar zafin Hamada, wanda ya ke tafe da ɗumamar duniya. Watau ruwan ya dawo bayan shekarun fari, amma ba irin na da ba ne. Ya kan zubo kamar da bakin ƙwarya a yini ɗaya, ya kwashe taki da shuka, sa'an nan ya ɗauke kwana da kwanaki.

Shekarar 2024 ta ba da darasi mai ɗaci. A watan Afrilu masanan yankin su ka yi taronsu a Abuja, su ka ce a sa ran ruwa fiye da na kullum a ƙasashen Sahel, koguna kuma za su cika. Haka kuwa aka yi. A Nijar mutum fiye da 300 su ka rasu, fiye da miliyan ɗaya su ka tagayyara, a watan Agusta ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai, a farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram ya rushe. A Nijeriya madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, ruwa ya mamaye Maiduguri. Hasashe ya yi daidai, an kuma faɗe shi wata huɗu kafin lokaci. Abin tambaya shi ne mutum nawa ne daga cikin masu gona a fadama su ka ji shi, kuma cikin waɗanda su ka ji, nawa ne su ke da wata gonar a tudu?

SABABBIN NA'URORI

Masana ba su ɓoye cewa hasashen ruwan gobe da jibi ya fi wuya a wannan yanki fiye da ƙasashen Turai ba. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2018 ya nuna cewa manyan kwamfutocin hasashe na duniya, in aka zo ga ruwan arewacin Afirka mai zafi, da ƙyar su ke fin wanda ya buɗe littafin shekarun baya ya yi ƙiyasi. Dalili shi ne hadarin nan ya kan haɗu farat ɗaya, a ɗan ƙaramin wuri, kuma tashoshin awo da za su gaya wa kwamfuta halin da sama ta ke ciki sun yi kaɗan. Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa yawan tashoshin Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Rashin zaman lafiya a wasu sassan Tilaberi da makamantansu ya ƙara wahalar zuwa karanta waɗanda a ke da su.

Duk da haka akwai alamar haske. An ƙera wasu kwamfutoci masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda a ke ba su labarin yanayin shekara 40 su nazarta, su koyi yadda sama ta kan juya, sa'an nan su yi hasashe cikin 'yan mintoci da kuɗi kaɗan. Babbar cibiyar hasashe ta Turai ta fara aiki da irin wannan a watan Fabrairu na 2025. A wannan shekarar kuma gwamnatin Indiya ta aika wa manoma miliyan 38 saƙon waya game da ranar da damina za ta kama a yankinsu, har mako huɗu kafin lokaci, kuma hasashen ya hango tsayawar da ruwan ya yi a hanya. Wannan ita ce ainihin tambayar manomin Fakara. Sai dai ita ma sabuwar na'urar da abin da aka auna a ƙasa ta ke koyo. Inda ba a kafa ma'auni ba, ba ta da malami.

TSAKANIN OFIS DA GONA

Daga Harobanda zuwa Banizumbu tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, amma takardar da aka rubuta da Faransanci, aka cika ta da taswira da alƙaluma, ta na iya shekara ba ta isa can ba. Ƙasashen da su ka ci nasara a wannan fanni ba da tsadar na'ura su ka ci ba. A Mali, tun 1982, hukumar yanayi ta raba wa manoma ƙananan ma'aunan ruwa, ta koya musu karantawa, ta riƙa ba su shawara ta rediyo kowane kwana 10, har mutum ya san in ma'auninsa ya kai kaza a wata kaza, ya ɗauki sungumi. A Kafrin ta ƙasar Senegal, daga 2011, masana su ka zauna da manoma a ƙasa, su ka fara da tambayarsu alamun da su ka gada, sa'an nan su ka kawo nasu, gidajen rediyon karkara kuma su ka riƙa watsa labarin da harsunan mutane.

Irin wannan zama shi ya kan warware wani ƙulli da ya ke damun mutane da yawa, watau zaton cewa mai hasashe ya na da'awar sanin gaibu ne. Wanda ya ga shamuwa ya ce damina ta kusa, ba wanda ya ke zarginsa da duba. Mai auna ɗumin teku shi ma alama ya gani, ya faɗi zatonsa, saukar da ruwa kuwa na Mai sama ne. In aka faɗa wa manomi haka, aka kuma gaya masa gaskiya cewa zaton ya na iya kuskurewa, ba zai juya baya ba ranar da aka kuskure.

A Nijeriya, hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, ta kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar kamawa, da ranar ɗaukewa, da lokacin da a ke tsoron tsayawar ruwa, ta kuma fassara shi da Hausa da wasu harsuna. Aikin da ya rage na gwamnatocin jihohi ne, da malaman gona, da gidajen rediyo, da masu unguwanni. Kuma labari kaɗai ba ya isa. In an ce wa mutum damina za ta gajarta, sai ya sami iri mai saurin nuna a kasuwar garinsu, a kan kuɗin da zai iya, tun cikin Afrilu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da la'asar sakaliya, a farkon watan Yuni, wanda ya tsaya a kan Gadar Kennedy zai ga gabas ta yi ja, sa'an nan ta yi baƙi. Masunta su kan jawo kwale-kwale bakin gaɓa, masu wanki su kwashe shanya da gudu, iska ta taso da ƙura har fitilun motoci su dushe. A hayin kogi ma'aikata su na zaune gaban allon kwamfuta, sun ga hadarin nan tun ya na ƙasar Doso, sun san faɗinsa da gudunsa. A can Fakara kuwa ya riga ya wuce, ƙasa ta na ƙamshi, wani magidanci ya tsuguna a gonarsa ya tura hannu cikin rairayi ya na auna laima. Ƙwaryar irinsa ta na ɗaka a rufe, rediyonsa ya na rataye a reshen gawo. Kafin gari ya waye sai ya yanke shawara.

Allah ya kawo damina mai albarka, ya sa a shuka sau ɗaya a girbe, amin.